Filin Tambaya da Amsa: Zaga Gari a Keke da Ɗaukar Hoton Gine-gine

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru mana a wannan karo sun karkata ga abu guda: masu hawa keke su zaga gari suna ɗaukar hoton ƙofofi, ganuwa, masallatai da tsofaffin gidajen ƙasa. Yawancin tambayoyin daga Kano suka fito, shi ya sa misalan Kano suka fi yawa, amma akwai na Damagaram da Agadas. Waɗanda suka yi kama da juna mun haɗe su wuri guda.

Tambaya: Ina ɗaukar hoto da waya ina tafe, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya riƙe da waya. Kusan duk hotunan sai su fito dishi-dishi. Wayar ce ba ta da kyau, ko akwai saitin da zan canja? Daga wani mai karatu a Gwale, Kano.

Amsa: Malam, wayarka lafiyarta ƙalau. Mai keke da ke gudun kilomita 15 a awa yana cin kusan mita 4 a kowace daƙiƙa. Da sassafe, kafin haske ya yi ƙarfi, waya kan bar idonta a buɗe na 1/60 ko 1/100 na daƙiƙa, kuma a ɗan wannan lokacin ka riga ka matsa santimita 4 zuwa 7. Ga rawar hannu a kai, wadda ta fi tafiyar ɓata hoto, domin ɗan juyin da wuyan hannu zai yi yakan goge duk zanen da ke jikin bango.

Maganin shi ne tsayawa. Ka waiga baya, ka miƙa hannu na baya su san za ka ratse, ka sauka gefen titi, ka sauko daga keken gaba ɗaya ka jingine shi. Tsayawa da ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a kan feda ba tsayawa ba ce, jiki yana lilo. Riƙe waya da hannu biyu, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka danna da maɓallin ƙara murya maimakon dungurar fuskar waya. Ɗauki uku a jere, galibi na biyu ko na uku ya fi fitowa tas.

Idan hoton tafiya kake so dole, shiga saitin Pro, inda mutum ke saita kyamara da kansa, ka sa saurin ƙiftawa a 1/1000, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya daidaita kansa, kuma wayar ta kasance a ɗaure a kan keke. A titin da adaidaita sahu ke tsayawa ba sigina, mai hannu ɗaya birki ɗaya ke gare shi, in kuwa na gaba ne ya damƙe shi da ƙarfi, ta kai zai wuntsila.

Tambaya: Duk ƙofar gari ko hasumiyar da na ɗauka sai ta fito kamar za ta faɗi ta baya, ƙasa da faɗi sama a tsuke. Me ke jawo haka? Daga wani mai karatu a Agadas, da wasu biyu daga Kano.

Amsa: Ɗaga kan waya ne ke jawo shi. Ka tsaya kusa da gini, zanko bai shigo ba, sai ka karkata wayar sama. Da zarar bayan waya ya daina fuskantar bango sosai, layukan da magini ya miƙar za su riƙa matsowa juna ta sama. Sharaɗin shi ne wayar ta tsaya cak a miƙe. Kunna layukan raga a saitin kyamara, waɗanda ke raba fuskar waya gida tara, ka daidaita ɗaya daga cikinsu da abin da ka tabbata a miƙe yake.

To idan ba za a ɗaga waya ba, yaya saman gini zai shigo? Da ja da baya, kuma akwai lissafinsa. Babbar kyamarar yawancin wayoyi, wadda aka rubuta wa 1x, daidai take da gilashi mai milimita 24 zuwa 26. Cire mita ɗaya da rabi daga tsayin ginin, wato tsayin da wayar take a hannunka. Abin da ya rage, ninka shi sau ɗaya da rabi idan wayar a tsaye take, sau biyu idan a kwance take. Ƙofa mai tsayin mita 8 ke nan tana son ka ja baya mita 10 da waya a tsaye, kimanin taku 14, ko mita 13 da waya a kwance, kimanin taku 18. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, tana son kusan mita 40. Idan ka koma 2x, nisan ma ya ninka, amma siffar gini ta fi fitowa yadda ido ke ganinta. Ita kuwa 0.5x a bar ta sai a lungu, domin tana jan duk abin da ke gefe ta miƙar da shi.

Za ka ga rabin hoton na ƙasa duk fili ne. Ko dai ka yanke shi daga baya, ko ka jira abin da zai cika shi: inuwar ƙofar, mai tura kurar ruwa, ko keken naka a jingine, wanda zai nuna wa mai kallo girman ginin.

Inda babu filin ja da baya, ɗauka a karkacen, amma ka bar sarari kamar kashi ɗaya cikin biyar a kowane gefe, sannan ka miƙar da shi a manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom. Miƙarwar tana cinye gefuna, shi ya sa ake barin sararin. Sai dai a nan mutane da yawa suke kuskure. Ginin ƙasa ba kamar na bulo ba ne. Magini da gangan yake faɗaɗa gindin katanga, yana rage jerin tubali yana hawa, domin ƙasa ta ɗauki nauyin sama. Hasumiyar Agadas kuwa kowa ya san tsukewa take yi har ƙoli. Wanda ya ja gefunanta a waya har suka miƙe sambal ya ƙirƙiro ginin da babu shi. Ma'auninka ya zama turken wuta, ko ƙyauren ƙarfe, ko mutumin da ke tsaye a gindin ginin. In sun miƙe, dakata.

Tambaya: Ina so in zaga ƙofofin Kano da tsofaffin wurare a keke. Ta ina zan fara, kuma da wane lokaci? Daga wani ɗalibi a Kabuga.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka haɗa su a fita ɗaya. Rana ce ke tsara hanya, don haka raba su biyu: ɓangaren gabas da safe, ɓangaren kudu bayan la'asar.

Fara da sanin inda rana take. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Agusta zuwa wajen 20 ga Afrilu rana ta kudu take ratsawa, kuma a Disamba ko da tsakar rana ba ta wuce digiri 55 daga ƙasa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta sai ta koma ta arewa. Ƙofofin da ke jere a titin BUK, wato Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo da Dukawuya, a gefen kudu na ganuwa suke. Da hunturu fuskarsu ta waje tana shan haske, da damina kuwa tana cikin inuwa, sai ka shiga ta cikin gari ka ɗauko ɗaya fuskar.

Fitar safe: a Disamba da Janairu rana kan fito tsakanin 6:35 da 6:50, a Yuni kuma jim kaɗan bayan ƙarfe 6:00. Ka kasance a Ƙofar Nasarawa kafin ta fito. Kada ka tsaya a kan gadar sama, ba wurin tsayawar keke ba ne, ɗauka daga ƙasa. Daga nan bi titin fada zuwa Gidan Makama, inda Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau sarauta a 1463, wanda yanzu gidan tarihi ne. Ga filin Ƙofar Kudu nan kusa, yana da sararin ja da baya yadda kake so. Zagaya zuwa babban masallacin Juma'a, wanda gininsa na yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, sannan ka gangara marinar Ƙofar Mata lokacin da marina suka fara tsoma zane a baba. Zuwa ƙarfe 9:30 hasken ya yi tsauri, ka rufe kyamara.

Me ya sa muke nacewa a kan safiya? Adon bangon Hausa, dagi ne ko wani zane, tudu da kwari ne a jikin yaɓe, kuma inuwa ce ke fito da shi. Hasken da ya zo ta gefe, yana shafar bango a kwance, shi ke sa kowane layi ya yi inuwarsa, har sawun yatsun mai yaɓe ka gani. Hasken da ya doki bango gaba da gaba yana shafe wannan duka. Saboda haka kada ranar ta kasance a ƙeyarka sosai, ta kasance a kafaɗarka ta dama ko ta hagu.

Fitar yamma: fara daga Kabuga wajen ƙarfe 4:30 ka nufo gabas. Fa'ida uku ke cikin haka. Rana tana bayanka, tana haska abin da ke gabanka. Direban da ke biye da kai ma ba ta kashe masa ido, yana ganinka. Sannan da yake hannun dama ake bi, za ka kasance a tsallaken titi daga ganuwa, nisan da lissafin ja da baya ya nema ya samu ke nan. A tsakanin ƙofofin ka lura da ragowar ganuwar ƙasa, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, 1095 zuwa 1134. Ita ce tsohuwar, ƙofofin da yawa an sake su da siminti.

Dala kuwa fita ce mai zaman kanta, kuma keke ba ya hawa. Kulle shi wajen wani mai shago a gindin dutsen bayan ka nemi izini, ka bi matakala. Da safe ka fuskanci yamma wajen Goron Dutse, da yamma ka fuskanci kudu maso gabas inda hasumiyoyin masallaci suke. Kasuwar Kurmi ma a ƙafa ake shigarta. Ranar Juma'a kada ka kusanci masallaci da keke daga hantsi zuwa a sauko, kuma Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli, ana taƙaita zirga-zirga da safe. Safiyar Lahadi ta fi kowace sakewa.

Tambaya: Da hunturu hotunana fari fat suke fitowa, sama ba shuɗi, gini ba launi. In haƙura sai damina? Daga wata mai karatu a Tarauni.

Amsa: Malama, kada ki haƙura, ki dai canja abin da kike ɗauka. Hazo ƙura ce mai laushi da iska ke kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Iya nisan da ke tsakaninki da gini, iya yawan ƙurar da haske zai ratso. Ranar da hazo ya sauka ba ranar hawa Dala ba ce. Rana ce ta matsowa kusa, mita 3 zuwa 10: zanko guda, indararo, tsohon ƙyaure mai ƙusoshi, kan azara da ya leƙo daga bango. Hasken hazo ba ya da inuwa mai kaifi, don haka lungun da a ranar garau rabinsa baƙi ne rabinsa fari, ranar hazo yakan fito gaba ɗaya.

Rage sama a cikin hoton, ko ki cire ta ɗungum. Farar sama tana ruɗin waya ta duhunta ginin. Danna yatsa a kan bangon ki riƙe har ta kulle haske, sannan ki ja alamar rana sama ko ƙasa har jar ƙasar ta yi daidai da yadda kike ganinta. In wayar ta mayar da bangon toka-toka, a saitin Pro ki ɗauke daidaita launi daga otomatik ki sa shi wajen 5500K. Wajen gyara, abin rage hazo na Lightroom kada ya wuce 15 zuwa 25, fiye da haka sama takan yi dabbare-dabbare.

Mai babbar kyamara kada ya kuskura ya canja gilashi a fili. A zaɓi guda tun daga gida. Don a gane ko ƙura ta shiga ciki, a sa f/16, wato a tsuke ƙofar hasken gilashi, a ɗauki farin bango, ɗige-ɗigen za su bayyana. Wajen gogewa a fara hure gilashi da 'yar robar hura iska, sannan a shafa ƙyalle mai laushi. Gogewa da gefen riga ko mayafi alhali ƙura na kai, karce gilashi yake yi. Wanda ke son shuɗin sama da gajimare ya jira washegarin ruwan sama a Yuli ko Agusta.

Tambaya: Yaya zan ɗauki kyamara a keke ba ta lalace ba? Kuma me ya kamata in riƙe na gyaran keke? Daga wani mai karatu a Sabon Gari, Zariya.

Amsa: Kyamara a jikinka za ta zauna, ba a jikin keke ba. Kariyar baya da kwandon gaba suna miƙa mata duk wani rami da keke ya faɗa, jikin mutum kuwa yana shanye girgiza. Nemi 'yar jaka mai soso da ake ratayawa a kafaɗa, mai ƙarin igiya da ke zagaya ƙugu, don kada ta zamo gaba ta riƙa dukan gwiwa. Rataya kyamara a wuya tsirara haɗari ne: kana sunkuyawa za ta daki kan keke, igiyar kuma tana iya sarƙe hannun birki.

Game da maƙala waya a kan keke, a 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa girgizar injin babur mai ƙarfi tana iya lalata sassan da ke hana hoto rawa da masu saita gani a kyamarar waya. Keke ba shi da inji, amma titi mai gargada yana jijjiga waya sosai, don haka a sayi mariƙi mai roba a ciki, ko a bar wayar a jaka. Akwai kuma zafi. An ƙera yawancin wayoyi su yi aiki a ƙasa da digiri 35, alhali a Afrilu zafin garuruwanmu yana haura 40. Wayar da ta sha rana a kan keke takan dushe fuska, ta ƙi buɗe kyamara. In ta yi haka, cire mata riga, ajiye ta a inuwa minti goma. Kada a ɗora ta a kan ƙanƙara ko ruwan sanyi, raɓa za ta taru a ciki.

Kayan gyara: tif guda sabo daidai da lambar da ke jikin tayarka, ƙaramin famfo wanda bakinsa ya dace da bawul ɗinka, ƙarfen cire taya biyu, faci da sholisho, sifana mai lamba 15 don notin taya, da makullan alan 4, 5 da 6. Da sassafe masu faci ba su fito ba, kuma gindin ganuwa akwai tsidau da fasassun kwalabe. Faci yakan tashi saboda gaggawa: a kankare wurin, a shafa sholisho siriri, a jira minti 3 zuwa 5 har ƙyallinsa ya dushe, sannan a manna a danne. Kafin a mayar da tif, a zagaya cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙayar da ta huda na farko tana nan tana jiran na biyu. Sarƙa kuma da hunturu a ɗiga mata mai kaɗan a goge na waje tas. Mai da yawa yana kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran giya. Ruwan sha aƙalla lita ɗaya ga fitar awa biyu.

Tambaya: Wani dattijo ya yi mini faɗa don na ɗauki hoton ƙofar gidansa. Ai a titi nake tsaye. Ina da laifi? Daga wani matashi a Fagge.

Amsa: Dattijon yana da gaskiya, ɗan'uwa. Ƙofar zaure ba bango ba ce kawai, nan ne iyalinsa ke shiga da fita, kuma bai san inda hoton zai je ba. Wanda ya tsaya a kan keke ya ɗaga waya ya wuce, dole a yi masa kallon mai wata manufa. Sauka, jingine keke, yi sallama, gaisa sosai, sannan ka ce, "Baba, adon gidan nan ne ya burge ni, ko za a ba ni izini in ɗauki hoton bangon?" In ya yarda, nuna masa abin da ka ɗauka. Sau da yawa daga nan zai faɗa maka wanda ya gina gidan da shekarar da aka yi yaɓen ƙarshe, ko makuba aka sa ko laso, abin da ba za ka samu a rubuce ba. In ya ƙi, yi godiya ka wuce. Idan za ka yini a unguwa guda, fara da gaida mai unguwa.

Jira mata su wuce kafin ka ɗaga waya. Yara za su taru su ce a ɗauke su, kada ka watsa fuskokinsu ba da sanin iyayensu ba. A marina da wuraren sana'a, yi magana da babbansu, kuma ba da ɗan na goro ba abin kunya ba ne, lokacinsu ka ci. A fada tambayi dogarai iyakar inda aka yarda.

Akwai inda ba a ɗaga kyamara sam: barikin soja, ofishin 'yan sanda, shingen bincike, gidan gwamnati, filin jirgi, bankuna da gidajen gyaran hali. A lura cewa akwai gidan gyaran hali a Kurmawa kusa da fada, akwai kuma a Goron Dutse, kada su faɗo cikin hoto ba da niyya ba. A Najeriya, jirgi marar matuƙi yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Sai ƙwacen waya. Sa wa wayar igiyar da ke zagaya wuyan hannu, juya wa bango baya lokacin da kake duba hotuna, kuma ku fita ku biyu, ɗaya na ɗauka ɗaya na riƙe da kekuna yana kallon hanya.

Tambaya: A unguwar Birni lunguna matsattsu ne, rabi rana rabi inuwa. Cikin soro kuma duhu. Yaya zan ɗauki rufin daurin guga? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Hajiya, a lungu ki auna haske a kan bangon da rana ta doka, ki bar inuwa ta yi duhu. Ana iya ɗago inuwa wajen gyara, amma wurin da ya ƙone fari ba ya dawowa. Ki kunna HDR, saitin da ke daidaita haske da inuwa a hoto guda, in kuma wayar tana da RAW, wato ɗanyen hoton da ba a matse ba, ki yi amfani da shi a nan. Mafi sauƙi shi ne zuwa cikin rabin awar farko bayan fitowar rana, lokacin da lungun duka yake cikin inuwa ɗaya. Inda yashi ya yi yawa ki rage wa taya iska kaɗan, ko ki sauka ki tura.

A cikin soro, bayan an ba ki izini, kashe filasha. Haskenta yana baje bakan gizo ya ɓatar da lanƙwasarsa, alhali hasken da ke shigowa ta ƙofa shi ke zana ta. Nemi tsakiyar ɗakin, daidai ƙarƙashin inda bakunan suka haɗu, wurin da akan manna tasa ko faranti. Shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, sa 0.5x, kunna agogon jinkiri na daƙiƙa 10, kwantar da wayar kyamarar baya tana kallon sama, ki ja gefe. Da yake wayar ba ta motsi, komai duhun ɗakin azara za ta fito ɗaya bayan ɗaya. Da yake fuskar wayar tana ƙasa, sai an gwada sau uku ko huɗu ana gyara mata zama kafin mahaɗar ta zauna a tsakiya.

Tambaya: Ina son hoton masallaci da fitilu a kunne, sama kuma shuɗiya. Nawa kullum baƙi ƙirin yake fitowa. Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Ka makara ne, Malam. A ƙasashenmu duhu yana saurin rufawa, tsakanin faɗuwar rana da gushewar haske bai fi minti 22 zuwa 25 ba. Shuɗin da kake nema yana zuwa ne minti 10 zuwa 20 bayan faɗuwar rana, wato daidai lokacin da ake cikin sallar magariba. To ka juya lissafin. Irin wannan shuɗin yana nan minti 20 zuwa 10 kafin fitowar rana, an daɗe da idar da asuba, titi babu kowa, fitilu ba a kashe ba.

Kana buƙatar abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. In babu, sirdin keken da aka jingine da bango ya isa, da jinkirin daƙiƙa 2 ko 3. A babbar kyamara sa ISO 100, f/8, ka bar ta a buɗe daƙiƙa 1 zuwa 4. Idan ka ga ratsi-ratsi a hoton da ka ɗauka da hannu, fitilun ne ke ƙiftawa da wutar lantarki mai zagaye 50 a daƙiƙa, sai ka sa 1/50 ko 1/25. Kuma fita a wannan lokaci sai da farar fitila a gaba, ja a baya, da riga mai haske.

Tambaya: Na tara hotuna sun fi dubu a waya, na tura wa abokai ta WhatsApp, da wayar ta ɓace sai na ga waɗanda suka rage ba su da kyau. Yaya ake adana su? Daga wani mai karatu a Ɗorayi.

Amsa: Allah ya mayar da alheri. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa girma, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Daga yau, duk ranar da ka dawo, zaɓi goma mafi kyau ka goge masu maimaici, ka ajiye na asali a wuri biyu: kwamfuta ko memori, da ma'ajiyar intanet irin Google Photos. Sa wa kowane babban fayil kwanan wata da wuri, misali 2025-01-12 Ƙofar Na'isa.

Wannan rubutun yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ganuwar Kano tana cikin jerin wuraren tarihi da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2007, amma ruwa yana cinta, gine-gine suna hawanta. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 wajen faɗaɗa hanya, kuma yau sai a hoto ake ganin yadda take. Don haka ka zaɓi wurare biyar ko shida a kan hanyarka, ka rubuta daidai inda ka tsaya, kamar turken wuta na biyu daga mahaɗa, da 1x ko 2x, da ƙarfe nawa. Ka koma can sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, ka ɗauka daga wuri guda. Bar alamar wuri a kunne a kyamara don ajiyarka, amma ka cire ta kafin ka ɗora hoton gidan wani a Facebook ko Instagram.